Kalma da Abokiyar Tafiyarta: Turancin Sakamako da Ɗaliban Ƙasar Gumel

Masu iya magana kan ce abin da mutum ya shuka shi zai girba. To, a makaranta ma haka al'amarin yake, domin kuwa ɗalibi yakan shafe shekara shida a sakandare yana shuka, ranar girbinsa kuwa ita ce ranar da aka ce sakamakon jarrabawa ya fito. Sai dai shi wannan amfani ba a dami yake zuwa ba, ba kuma a buhu ba. Yana zuwa ne a 'yar takarda guda, ko a fuskar wayar hannu, rubuce da waɗansu 'yan kalmomin Ingilishi da ba su taka kara sun karya ba a ido. Amma fa su ne ke yanke hukuncin ko yaron da ya taso a Gagarawa zai wuce jami'a, ko mahaifinsa zai sake kora rago zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis don a biya kuɗin wata jarrabawar, ko kuwa a ce masa ya haƙura haka nan.

Ra'ayin da nake so in gabatar wa ɗalibai da malamansu a wannan fili shi ne, ba mu ba wannan ɓangare na Turanci haƙƙinsa ba. Mun saba da koyar da kalmomi ɗai-ɗai, kowace da ma'anarta a gabanta, alhali kuwa kalmomin da ake bayyana maki da sakamako da su ba su tafiya su kaɗai. Kowace tana da abokiyar tafiya, kuma da zarar an sauya mata abokiya, sai ma'anarta ta juya, wani lokaci ma ta koma kishiyar abin da aka sani.

Abotar kalmomi

Masana kimiyyar harshe sun daɗe da lura da wannan ɗabi'a. Wani shehun malami a Jami'ar Landan mai suna J. R. Firth, wanda ya rasu a 1960, ya nuna cewa wani ɓangare na ma'anar kowace kalma yana tattare ne da kalmomin da ta saba zama kusa da su. Turawa na kiran wannan "collocation", mu kuwa muna iya ce masa abotar kalmomi. Abin ya kai har an wallafa ƙamusoshi na musamman a kansa, irin wanda maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar a 2002 domin masu koyon Ingilishi.

Bahaushe ba ya bukatar a kai shi Landan kafin ya fahimci wannan, don kuwa yana da shi a bakinsa. A ɗauki kalmar "ci". Mukan ci tuwo, mu ci kasuwa, mu ci riba, mu ci bashi. Wani ya ci amana, wani ya ci sarauta, wani ya ci zaɓe. Haka nan "sha": a sha fura, a sha iska, a sha wahala, a sha kaye, a sha alwashi. Duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai ga irin doguwar hidimar da waɗannan 'yan kalmomi biyu suka sa marubucin. Baƙon da aka gaya wa cewa "ci" na nufin sa abinci a baki kurum, ranar da ya ji an ce wane ya ci kasuwa sai ya riƙe baki. To, irin wannan riƙe bakin ne ɗalibinmu ke yi a gaban Turancin sakamako, sai dai shi nasa yana da tsada.

"Ci" guda, Turanci barkatai

Bari mu fara da filin ƙwallo, inda kowane yaro yake gwani. A Hausa mukan ce mun ci wasa, mun ci su, wane ya ci ƙwallo, mun ci kofi. Kalma ɗaya ta ɗauke nauyin duka. Ingilishi kuwa ya rarraba aikin: wasa da kofi "win" ake yi musu, abokan karawa "beat", ƙwallo kuma "score". Saboda haka a gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, lokacin da Nijeriya ta lallasa Bulgeriya da ci uku da nema, Bature zai ce "Nigeria beat Bulgaria three-nil", ya ƙara da cewa Rashidi Yekini "scored the first goal". Da Italiya ta fitar da mu a zagaye na biyu da ci biyu da ɗaya, sai a ce "Nigeria lost to Italy". Yaron da ya rubuta "they won us" ba jahilci ne ya sa shi ba. Hausarsa ce ya ɗauko ya sa mata rigar Turanci, don ba wanda ya taɓa nuna masa cewa "ci" ɗin nan nasa ya rabu gida uku a can.

Ko sifili ma ba suna ɗaya gare shi ba. A ƙwallon ƙafa Turawan Ingila kan ce "nil", a wasan tanis su ce "love", a ma'aunin zafi da darasin lissafi kuwa "zero". Abin da muke kira kunnen doki ko canjaras su "draw" suke cewa. Farke ƙwallo kuma "equalise" ne, kamar yadda Nwankwo Kanu ya yi wa Brazil a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, bayan da suka ba mu uku da ɗaya, aka tashi huɗu da uku. Duk wannan dai a wasa ne, kuskure a cikinsa dariya kawai zai jawo. Inda abin yake zama gagarumi shi ne a takardar sakamako.

Abin da takarda ke faɗa

Hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, wadda aka kafa a 1952, da takwararta ta ƙasa NECO, wadda aka kafa a 1999, suna raba sakamako zuwa mataki tara. A1 shi ne ƙololuwa, sai B2 da B3, sannan C4 da C5 da C6 waɗanda ake kira "credit". A ƙarƙashinsu akwai D7 da E8 waɗanda sunansu "pass", sai F9 wanda shi ne "fail". Waɗanda suka yi tasu jarrabawar a farkon shekarun 1990 za su tuna da P7 da P8 a gurbin D7 da E8.

Ga inda gizo ke saƙar. A tunanin Bahaushe jarrabawa fuska biyu gare ta, ko a ci ko a faɗi. Ita kuwa takarda fuska uku gare ta: kiredit, da fas, da faɗuwa. A aji an koya wa yaro cewa "pass" na nufin cin jarrabawa, kuma gaskiya ne idan aka ce "pass an examination". Amma "a pass in Mathematics" wani abu ne dabam, domin D7 ko E8 ake nufi, kuma babu jami'ar da za ta karɓe shi daga mai neman karatun likita ko injiniya. Sai uba ya tambayi ɗansa, "Yaya, ka ci?" Ɗan ya amsa, "Baba, babu inda na faɗi." Bai yi ƙarya ba, amma idan Lissafinsa E8 ne, ƙofar karatun kimiyya a rufe take, gidan kuwa ba za su farga ba sai bayan lokacin rajistar wata jarrabawar ya shige. Haka kalmar take a Kwalejin Ilimi ta Gumel da sauran kwalejojin horar da malamai, inda darajojin takardar NCE suka fara daga "distinction", sai "credit", sai "merit", sannan "pass" a ƙarshe.

Sharaɗin da ake gindaya wa ɗalibin kimiyya shi ma jimla ce da ya kamata a warware masa daki-daki tun yana aji huɗu: "five credits including English and Mathematics at not more than two sittings". Kalmar "including" na nuna cewa Turanci da Lissafi dole su kasance cikin biyar ɗin, ko da mutum ya tara kiredit bakwai a wasu darussa. "Sitting" kuwa ba zaman kujera na yini guda ba ne, zangon jarrabawa ne sukutum: WAEC ta bana zama ɗaya ce, NECO ta bana zama na biyu. Wasu jami'o'in ma zama ɗaya tak suke karɓa a fannin likita.

Akwai kuma kalmomin da kan bayyana a gurbin maki. Mafi yaudara a cikinsu ita ce "outstanding". Idan shugaban makaranta ya ce "an outstanding result", yabo ne, yana nufin sakamakon da ya yi zarra. Amma idan WAEC ta rubuta kalmar a gaban wani darasi, tana nufin ba a kammala aikin sakamakon ba tukuna, kamar yadda ake cewa "outstanding debt" ga bashin da ba a biya ba. Wanda bai sani ba sai ya yi ta murna, maimakon ya garzaya makarantarsu a bi masa kadi. "Held" ko "withheld" na nufin an riƙe sakamakon ana bincike bisa zargin maguɗi, kuma ana iya sakinsa daga baya. "Cancelled" shi ne wanda aka soke ɗungurungum. Tsakanin riƙewa da sokewa akwai shekara guda ta rayuwar yaro, don haka bai kamata a haɗa su a kalmar "an hana shi" ba.

Ita kuwa jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, babu ci babu faɗuwa a takardarta. Darussa huɗu ne, maki 400, abin da ake cewa kawai shi ne ɗalibi "scored 180 out of 400". Daga nan sai batun "cut-off mark", wato makin da ba a sauka ƙasa da shi. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin ilimi da na fasaha. To amma wannan shi ne mafi ƙanƙanta a ƙasa baki ɗaya. Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko Jami'ar Bayero ta Kano, kowace tana da ikon ɗaga nata, kowane sashe kuma da nasa. "Meet the cut-off" isa bakin ƙofa ne, "gain admission" shi ne shiga ɗaki. Iyaye da yawa sun zargi makarantu da son kai, alhali bambancin waɗannan maganganu biyu ne ba a fayyace musu ba.

Tsallaken iyaka

Mutanen ƙasar Gumel suna da wani ƙarin dalili na kula da wannan batu, saboda Maigatari a bakin iyaka take, kuma gidaje da dama suna da dangi a jihar Damagaram ta Nijar, inda ake karatu da Faransanci. A can bisa 20 ake ba da maki, 10 kuma ita ce matsakaiciyar da ake nema. Yaron da ya sami 14 a jarrabawar Bakaloriya ya yi abin a yaba, amma ɗan'uwansa na Sule Tankarkar da ya saba da lissafi bisa 100 yana jin "sha huɗu" sai ya fara yi masa jaje. Wannan ya nuna cewa lamba ba ta da ma'ana sai an faɗi bisa nawa, wato abin da "out of" ke yi a Ingilishi. Daɗin daɗawa, a Faransanci "passer un examen" na nufin zama a rubuta jarrabawa kurum, ko a ci ko a faɗi, abin da Turawan Ingila ke kira "sit" ko "take", mu kuma a Nijeriya muka fi cewa "write". Kalma mai kama da "pass" ce, amma ba ta yi alkawarin komai ba.

Lissafin da ke ɓoye cikin kalma

Wani zai ce, ina ruwan mujallar kimiyya da wannan? Amsa ita ce, kimiyya kacokan ɗinta bayyana sakamako ce, kuma da irin waɗannan 'yan kalmomi ake yin sa. A duba "by" da "to". Idan tambayar Fiziks ta ce zafin ruwa ya tashi daga digiri 20, "rose by 30 degrees" na nufin ya ƙaru da 30 ya zama 50, "rose to 30 degrees" kuwa na nufin ya kai 30, ƙarin 10 ke nan kacal. Ɗalibin da ya san dabarar lissafin sarai zai iya zubar da makin tambayar gaba ɗaya a kan haruffa biyu. Haka "at least" da "at most" suke a darasin yiwuwa: na farko "aƙalla" ne, na biyu "bai wuce ba". Hausa ta bambance su tsaf, abin da ya rage shi ne a haɗa wa yaro kowace da tata.

Kaso cikin ɗari ma yana da nasa tarkon. A watan Agustan 2025 WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin ɗari na ɗaliban Nijeriya ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki kuma ta gano kuskure wajen tantance makin wasu takardu, ta gyara adadin zuwa kashi 62.96. Nawa ne ƙarin? Idan aka ɗebe wannan daga wancan za a sami 24.64, wanda ake kira "percentage points". Idan kuwa aka auna ƙarin da adadin farko, za a ga masu nasara sun ƙaru da kimanin kashi 64 cikin ɗari, wannan shi ne "per cent increase". Duka biyun daidai ne, amma tambaya daban-daban suke amsawa.

Haka kuma a kula da "registered" da "sat" da "passed". A ƙaddara wata makaranta ta yi wa ɗalibai 200 rajista, 150 suka zauna, 90 suka sami kiredit biyar. Mai son yabon makarantar zai ce kashi 60 ne suka yi nasara, mai son kushe ta ya ce kashi 45. Babu maƙaryaci a cikinsu. Ɗalibin da aka horar ya riƙa tambayar "kaso na me?" ya sami makamin da zai yi masa amfani har a wajen sauraren sakamakon zaɓe.

Daga aji zuwa asibiti

Kalmar "result" ba a makaranta kaɗai take aiki ba. Takardar da ake miƙo wa majinyaci daga ɗakin gwaji a Babban Asibitin Gumel ita ma sakamako ce, kuma sau da yawa ɗan sakandaren gidan ake miƙa wa ya karanta. A aji an koya masa cewa "positive" abu ne mai kyau, "negative" kuma maras kyau. A ɗakin gwaji kuwa "tested positive" na nufin an sami abin da ake nema a jinin, ko ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ce, ko ta ciwon hanta, "tested negative" kuma ba a samu ba. Amma a "O positive" kalmar ba ta da alaƙa da cuta ko kaɗan, rukunin jini ne kawai take nunawa.

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan sanƙarau a Nijeriya daga Oktoban 2022 zuwa Afrilun 2023, an ambaci mutum 1,686 a matsayin "suspected cases", 532 a matsayin "confirmed cases", da rasuwar mutum 124, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake zaton daga jihar Jigawa suke. Na farko waɗanda alamunsu suka yi kama da cutar ne, na biyu waɗanda gwaji ya tabbatar. Wanda ya haɗa lambobin biyu ya tara, ya firgita jama'a a banza. Wanda ya riƙe ta biyu kaɗai, ya rage girman annobar.

Masu ja da wannan ra'ayi

Na san akwai malaman da za su ce wannan aikin malamin Turanci ne. Ni kuwa ina ganin malamin Turanci ba zai iya shi kaɗai ba, domin "rose by" da "rose to" a littafin Fiziks suke cizo, malamin Fiziks ne kuma ke wurin sa'ad da suka ciji yaro. Wasu kuma za su ce koyar da kalmomi a haɗe haddar aku ce. Ai babu wanda ya koyi "cin amana" ta hanyar nazarin "ci" dabam da "amana" dabam. A haɗe muka ji shi, a haɗe muka riƙe, fahimta ta biyo baya. Akwai kuma masu ganin shigo da Hausa cikin darasi yana raunana Turancin yara. A nan ma ban yarda ba. Kuskuren "they won us" daga Hausa ya taso, kuma ba a magance ciwo ba tare da an duba tushensa ba. Minti biyu na kwatanta "ci" da takwarorinsa uku sun fi jan biro sau ashirin a littafin yaro.

Abin yi

Shawarata ta farko ga malaman makarantun Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ita ce, kada a sake rubuta kalmar sakamako a allo ita kaɗai. A rubuta ta da abokiyarta, da jimla cikakkiya, da ma'anar jimlar a Hausa. Ta biyu, kowace makaranta ta keɓe darasi guda ga 'yan aji huɗu, a kawo samfurin takardar WAEC da ta JAMB wadda aka shafe sunan mai ita, a karanta ta layi-layi, tun da sauran lokacin gyara. Ta uku, a taron iyaye da malamai a yi wannan bayani da Hausa, a bar cewa "ya ci" kawai, a riƙa faɗin kiredit nawa, kuma ko da Turanci da Lissafi a ciki.

Ku kuma ɗalibai, kowa ya tanadi ɗan littafi. Duk lokacin da kuka ji sharhin ƙwallo a rediyo, ko kuka karanta tambayar Kemistiri, ko aka ba ku takardar asibiti, ku rubuta kalmar tare da wadda ke gabanta da wadda ke bayanta. Kafin shekara ta zagayo za ku tara ƙamusun da ya fi na kanti amfani a gare ku, domin daga bukatarku ya fito. Hausawa sun ce tambaya rabin ilimi, saboda haka duk kalmar da ta shige muku duhu a takardar sakamako, ku kai ta wurin malami a ranar, kafin a yi murna ko a yi kuka. Allah ya ba ɗalibanmu nasara, ya kuma saka wa malamansu da alheri, amin.